Manyan Ajin Monita

Shekara ashirin da shida ke nan da Monita ya gama sakandare, amma har yau bai sauka daga muƙaminsa ba. Tun a aji ɗaya aka naɗa shi mai rubuta sunayen masu surutu, ya riƙe biro da takarda shekara shida cur, har sunansa na yanka ya ɓace. Yanzu gadi yake yi a ƙofar wani kamfanin sabulu. Yana zaune a ɗan ɗakin bakin ƙofa da dogon littafi mai layi uku: suna, aiki, laifi. Wanda ya makara ya shiga littafi, wanda ya fita ba izini ya shiga littafi, ƙarfe huɗu na yi ya yage shafin ya miƙa wa manaja. Amma ka kuskura ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara zama ya ce, "Mutum ɗari uku ne a ƙarƙashina. Ba mai shiga ba mai fita sai da sanina, har shi manajan."

'Yarsa ta fari tana ajin ƙarshe a makarantar da ya gama. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata Mamana. Yarinya ce mai kunya, ko a gida sai an kasa kunne ake jin muryarta. Ran nan ta dawo da takarda: makaranta za ta yi taro ranar Asabar, tsofaffin ɗalibai su zo su gaya wa na yanzu inda rayuwa ta kai su bayan sakandare. Kuma ita aka zaɓa ta tsaya gaban ɗalibai ɗari biyar ta gabatar da baƙi.

"Baba, don Allah ka zo kawai ka zauna a baya," in ji ta. "Karo na farko ke nan da aka ba ni wani abu in yi a makarantar nan. Ba na so a yi mini dariya."

"A baya? Ni?" Monita ya dafe ƙirji. "Mamana, kin san waɗanda ajinmu ya fitar kuwa? Likitan tiyata. Matuƙin jirgin sama. Alƙali. Duk a hannuna suka tashi. Da ban hana su surutu ba, da yanzu suna ina?"

"Da suna inda suke, sai dai ba tabon bulala," in ji matarsa daga kicin.

Washegari da sassafe, kafin ya wuce aiki, ya tsaya a ofishin shugabar makaranta ya yi mata alkawarin mutanen nan uku. Ya ce waya ɗaya zai buga, su bar abin da suke yi su taho. Baiwar Allah ta yi ta godiya, ta sa aka rubuta a allon sanarwa da manyan baƙaƙe.

Maganar gaskiya, ba ƙarya ya yi ba, ajinsu ya fitar da mutanen nan. Abin da ya manta shi ne su ma ba su manta da shi ba.

"Wane Monita?" in ji likitan da ya ɗaga waya. "Wanda ya sa sunana cikin masu surutu ranar da nake kwance a gida da ƙyanda?"

"Ai da ka zo da ka yi," in ji Monita. Ƙit, aka kashe waya.

Matuƙin jirgi ya ce ranar Asabar yana sama.

"To ka ɗan sauko mana, awa ɗaya ce."

"In dai kana ƙasa ba na saukowa."

Alƙali ne kaɗai ya saurare shi har ƙarshe, cikin natsuwa irin ta masu aikinsa. Sannan ya ce, "Bulala ɗari da goma sha huɗu na sha ta dalilinka, kuma ina riƙe da ranakunsu. Kullum addu'ata Allah ya kawo ka gabana, ko da a kan rigimar akuya ce."

Mai hankali da nan ya tsaya, ya koma ya ba shugabar makaranta haƙuri. To amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Monita ya zauna a ɗakin gadinsa yana taunar murfin biro, can sai ya buga tebur. Ai ajin nan mutum arba'in ne, ba mutum uku ba!

Da aka tashi aiki ya tsallaka can ɗaya gefen gari, inda 'yarsa ba ta san kowa ba. Ya fara da wanda suka zauna benci ɗaya, wanda yanzu mahauci ne a kasuwa.

"Ni likita?" Mahauci ya ajiye wuƙa. "Monita, ko ka fara shaye-shaye ne da girmanka?"

"Farar riga kake sawa?"

"E."

"Yanka kake yi?"

"Tun asuba."

"To me ya rage? Takarda ce kawai, kuma ba wanda zai tambaye ka ita."

Mahauci ya duba farar rigarsa, ya ga lallai akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Daga nan Monita ya wuce tasha ya sami Direba, wanda yake jan tsohuwar bas mai cin mutum goma sha takwas. Shi bai ba da wahala ba, ya ce shekara ashirin fasinjoji suna ce masa tuƙinsa kamar jirgi, gara ya je ya karɓi sunansa a gaban jama'a. Na ukunsu Mai aski ne, shi kuwa da ya ji alƙali zai zama, cewa ya yi ba ranar da ba ya raba gardama uku a shagonsa, kuma bai taɓa jin an ɗaukaka ƙara ba.

Ranar Alhamis da la'asar, Mamana tana makaranta wajen gwajin jawabinta, Monita ya tara su a falonsa don nasu gwajin. Ya gaya wa matarsa wasan kwaikwayo ne na tsofaffin ɗalibai. Ya aro wa Direba hular masu gadi mai baki da tambarin sabulu a goshi. Mai aski ya yafa baƙin ƙyallen da yake rufa wa masu aski. Saura farin gashin alƙalai, Monita ya leƙa bayan ƙofa ya ga sabuwar mofar goge ɗaki ta matarsa, ya kwance kanta daga sanda ya kifa wa Mai aski.

"Yana warin sabulu," in ji Mai aski.

"Shari'a tsafta ce," in ji Monita. "Yanzu ku saurara. Ban ce ku yi ta zuba ƙarya ba, ƙarya wuyar riƙo gare ta. Duk abin da aka tambaye ku, ku amsa da abin da kuka sani a aikinku. Aiki duk ɗaya ne, suna ne ya bambanta."

Kafin ya rufe baki taga ta cika da kawunan maƙwabta. Labari ya zaga layi cewa likita ya sauka a gidan Monita. Wani dattijo maƙwabci mai ciwon gwiwa ya dogaro sandarsa ya shigo, ya naɗe wando ya miƙa ƙafa. Mahauci ya tsuguna, ya latsa nan, ya latsa can, ya ɗaga ƙafar ya auna nauyinta a hannu, ya girgiza kai.

"Baba, wannan ta tsufa. Sai dai a daɗe ana dafawa."

Dattijon nan da ya shigo da sanda, ba da ita ya fita ba. Monita ya bi shi da kallo har ya sha kwana da gudu, ya juyo yana murmushi. "Kun gani? Mara lafiya na farko, ya warke."

"Maigida," in ji matarsa daga tsakar gida, ba ta ko leƙo falon ba, "ni dai ban san wasan da kake yi ba. Amma in ya taɓa yarinyar nan, ni da kai ne."

"Ke dai ki shirya tafi," in ji shi.

Daren Juma'a bai yi ba sai da ya rubuta wa Mamana abin da za ta faɗa a kan kowane baƙo, da kyakkyawan rubutunsa. Ta karanta, ta ɗago tana murna. "Baba, ashe da gaske za su zo?" Nan fa wani abu ya ɗan soke shi a ƙirji, amma ya ce ƙwannafi ne ya sha ruwa.

Ranar Asabar suka taho a bas ɗin Direba, don Monita ya ce manya ba sa zuwa taro a ƙafa. Abin da bai lissafa ba, Direba bai iya ganin hannu a ɗage a bakin titi ya wuce ba. Ƙafarsa da kanta take taka birki.

"Kai matuƙin jirgi ne yau!" Monita ya daka masa tsawa. "Jirgi yana tsayawa ɗaukar mutane a hanya?"

"Hanyarmu ce ai, mutum ɗaya ne."

Mutum ɗaya ya zama tara. Suka sauke wannan a asibiti, suka sauke wancan a bakin gada, Monita da bai taɓa makara ba a rayuwarsa ya iso taro da jinkirin minti arba'in yana gumi. A bas ɗin saura wata tsohuwa da buhun albasa, ta ce ita kasuwa za ta, ba ta sauka a makaranta, karatu ya wuce ta. Suka bar ta a ciki da alkawarin yanzun nan.

Zauren taro ya cika maƙil. Malamai a gaba, iyaye a gefe, matar Monita tana cikinsu. Aka zaunar da baƙi a kan dandamali, Monita ya ja kujera ya zauna kusa da shugabar makaranta ba tare da an ce masa bismilla ba. Mamana ta fito da takarda a hannunta. Ta fara a hankali, muryarta ta daidaita, ta gabatar da babban likitan tiyata. Aka yi tafi kamar rufin zai yaye.

Wata ɗaliba ta miƙe. "Likita, wane aiki ne ya fi wahala?"

"Wuya," in ji Mahauci ba tare da tunani ba. "Amma in kin sami gaɓa, wuƙa da kanta take wucewa. Hanta ba ta da matsala, ita tun da safe take ƙarewa."

Ɗalibai suka duƙufa suna rubutawa. Malamin kimiyya ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Mutum nawa kake yi wa aiki a rana?" in ji wani.

"Kullum uku. In da ciniki, bakwai."

"Nawa ne suke tashi?"

"Tashi?" Mahauci ya yi dariya. "Ɗana, in ka gama aiki ya tashi, ai ba ka iya ba ke nan. Ni shekara ashirin, ko ɗaya bai taɓa motsawa ba."

Wata yarinya a layin gaba da ta ce likita take so ta zama ta rufe littafinta a hankali. Monita ya fara tafi shi kaɗai, ya yi wa Mamana alama da ido ta wuce gaba. Ta dube shi, ta dubi takardar, ta gabatar da matuƙin jirgin sama. Direba ya miƙe ya sara da hular sabulu.

"Jirginka mutum nawa yake ɗauka?"

"A rubuce goma sha takwas. Amma in kowa ya matsa, aka ɗora yara a cinya, ashirin da biyar ma yana ci."

"In inji ya mutu kuna tsakiyar tafiya fa?"

"Ba abin tashin hankali ba ne. Mata su zauna, maza su sauka su tura."

Dariya ta fara daga baya, ta taho gaba layi-layi. Shugabar makaranta ta karkato ta ce, "Malam, baƙin nan naka..."

"Barkwanci gare su, ranki ya daɗe. Manya haka suke."

Mamana ba ta ƙara duban ubanta ba. Ta karanta layin ƙarshe da sauri kamar mai shan magani. Mai aski ya taso da baƙin ƙyallensa da farin gashinsa yana tafiyar ƙasaita.

"Mai shari'a, yaya kake yanke hukunci?"

"Ƙeya nake fara dubawa. Ƙeyar mutum ba ta ƙarya. Kuma duk girman mutum, in ya zauna a gabana sai ya sunkuyar da kai, in ya motsa in murɗe masa kunne."

Yana magana idonsa yana kan mataimakin shugabar makaranta, wanda aka yi wa aski gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Tun zamansu abin yake cinsa. Ya daure, ya daure, ya kasa. Ya zaro almakashi daga aljihu, ya cire ƙyallen alƙalancin ya yarfa shi sau ɗaya ya ɗaure wa mataimaki a wuya. "Wa ya yi maka wannan ta'asar? Sunkuya." Mataimaki kuwa, da yake jiki ya saba, ya sunkuya.

"Mofata!" Matar Monita ce ta miƙe daga cikin iyaye tana nuna kan alƙali. "Kwana biyu ina nemanta, har na zargi maƙwabta!"

Ba a gama da wannan ba sai ga tsohuwa mai albasa ta shigo tana jan buhunta ta tsakiyar zaure. Ta tsaya gaban dandamali ta ɗaga kai. "Direba, wai yaushe za mu tashi ne? Kasuwa tana watsewa."

Nan zaure ya kece. Ɗalibai suna bubbuga benci, wasu sun faɗo ƙasa suna riƙe ciki. Baƙi uku suka kaure da faɗa a kan wanda ya ɓata shiri. Mahauci ya ce Direba ne da tsohuwarsa, Direba ya ce ai tun daga hanta asiri ya fara wari, Mai aski ya ce su yi masa shiru hannunsa na kan ƙeyar mutum.

Har a lokacin, da Monita ya miƙe ya ce wasan kwaikwayo ne aka shirya don nishaɗi, da wataƙila ya sha. Amma hali zanen dutse. Surutu ne ya cika masa kunne, a cikin makarantar nan, a gaban malamai, kuma 'yan ajinsu ne suke yi. Hannunsa ya shiga aljihu bai sani ba. Ya zaro takarda da biro, ya ja layi uku, ya rubuta, ya yage shafin, ya miƙa wa shugabar makaranta da hannu biyu yana ɗan rusunawa. Sai da takardar ta bar hannunsa sannan hankalinsa ya dawo.

Ita kuwa ta ɗauka sanarwa ce. Ta ja makirufo ta buga shi da yatsa, aka yi shiru, ta karanta sunan farko. "Aiki, mahauci. Laifi, surutu." Ta dakata. Ta karanta na biyu. "Aiki, direban bas. Laifi, surutu da makarar da mutane." Na uku. "Aiki, mai aski. Laifi, surutu da aiki ba a wurin aiki ba." Ta sauke takardar ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, rubutun wa ye wannan?"

"Nawa ne," in ji Monita da wata 'yar murya. Ko a nan bai iya musun rubutunsa ba.

"Shekara ashirin da shida!" Mahauci ya ɗora hannu a ka. "Kai ka kawo mu, kuma kai ka rubuta mu!"

Wannan karon dariyar ba ta daɗe ba, don idanu sun koma kan Mamana. Tana tsaye inda take, takardar gabatarwa a hannu, hawaye yana bin kumatunta. Da bakinta ta faɗi ƙaryar nan uku a gaban mutum ɗari biyar. Monita ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi, ya so ƙasa ta tsage.

Yarinyar ta share fuska da bayan hannu. Ta tako ta karɓi takardar daga hannun shugabar makaranta, ta ajiye a gaban ubanta. Makirufo yana kusa, kowa ya ji ta.

"Baba, ba ka gama ba. Saura mutum ɗaya."

Ya dube ta. Ya ɗauki biro ya rubuta sunansa. A layi na uku ya rubuta surutu ba tare da an gaya masa ba. A layin tsakiya biro ya tsaya.

"Rubuta," in ji ta. "Da shi ka ciyar da ni har na kawo ajin ƙarshe. Ban taɓa jin kunyarsa ba, kai ne kake ji."

Ya rubuta mai gadi. Ta miƙo hannu za ta karɓa, ya riƙe gefen takardar, ya yi sauri ya ƙara wata kalma ɗaya a gaba, sannan ya saki. Ta duba. Ta ciji leɓe, ba a san ko kuka ne zai dawo ko dariya ba. Ta juya ta fuskanci zaure, muryarta ta fita tar, har na bakin ƙofa suka ji.

"Baƙonmu na ƙarshe tsohon ɗalibin makarantar nan ne, kuma babana ne. Babban mai gadi."

Uwarta ce ta fara tafi, mofa a hammata. Mahauci ya bi, zaure ya ɗauka. Monita ya miƙe idonsa ya yi ja. Ya ja hanci, ya gyara wuyan riga, ya karɓi makirufo, ya tsaya har tafin ya lafa.

"Yarana," in ji shi, "ba don in yabi kaina ba, mutum ɗari uku ne a ƙarƙa..."

Mamana ta taka a hankali zuwa jikin bango, ta sunkuya ta zare wayar lasifika.